Shogun 2 ko Nobunaga's Ambition: wanne ya kamata ka fara saya?

Wani ƙanena da muke wasan kwamfuta tare ya tare ni da tambaya kwanakin baya. Kuɗin da ke hannunsa na wasa ɗaya ne, laftof ɗinsa ta kwana biyu, kuma ransa ya biya da wasan mulki da yaƙi na tsohuwar Japan. Ya ce, "Yaya, Total War: Shogun 2 zan ɗauka ko Nobunaga's Ambition?" Na ba shi amsa a tsaitsaye, daga baya na ga ban yi masa adalci ba. Wasannin nan biyu ƙasa ɗaya suke nunawa, zamani ɗaya, gidajen sarautar ma su ne dai, amma wanda ya sayi ɗaya yana tsammanin abin da ke cikin ɗayan zai yi da-na-sanin kuɗinsa. Na daɗe a kan kowannensu, don haka ga amsar a tsanake.

Sai an san zamanin kafin a gane wasan. Japanawa suna kiransa Sengoku, wato zamanin da larduna ke yaƙar juna. Ya taso ne daga yaƙin Onin da ya ɓarke a 1467, ya shekara goma yana cin Kiyoto, babban birnin ƙasar a lokacin. Sarkin sarakuna yana nan a fadarsa, ana girmama shi, amma ba shi da ko mashi ɗaya. Shogun, wato shugaban mulkin soja, na gidan Ashikaga, wanda shi ne ya kamata ya riƙe takobin ƙasa, shi ma ikonsa ya zube. Sai kowane mai ƙarfi ya kama yankinsa ya zama daimiyo, mai ƙasa da dakaru da haraji nasa na kansa. Mutum uku ne suka haɗa kan ƙasar bi da bi: Oda Nobunaga, wanda bafadensa Akechi Mitsuhide ya ci amanarsa a haikalin Honnoji a 1582, Toyotomi Hideyoshi, ɗan manomi da ya ƙarasa aikin a 1590, sai Tokugawa Ieyasu, wanda ya yi nasara a Sekigahara a 1600, aka naɗa shi shogun a 1603. Wasannin biyu duka suna miƙa maka gida ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, su ce to, ga fili ga mai doki.

Shogun 2 na kamfanin Creative Assembly ne na Ingila, Sega ta fitar da shi a Maris 2011. Labarinsa yana farawa a 1545, shekara biyu bayan Turawan Fotugal sun sauka tsibirin Tanegashima da bindigoginsu. Wasan hawa biyu ne. A sama akwai taswirar ƙasa mai larduna fiye da 60, inda kake gini, kake tara haraji, kake tura rundunoni, kuma kowane zagaye daidai yake da yanayi ɗaya na shekara, huɗu ke nan a shekara. A ƙasa kuma akwai fagen fama. Da zarar rundunarka ta yi karo da ta abokin gaba, sai wasan ya sauke ka filin, ka ga mutanenka a jere da tutoci a bayansu, ka riƙa ba su umarni kai tsaye yayin da ake gwabzawa. Nan ne ran wasan yake. Duk abin da kake yi a taswira, shiri ne na wannan sa'ar.

Bari in ba ka misali ɗaya da ba na mantawa. Ina riƙe da gidan Oda a Owari. Wannan gida yana farawa ne a cikin tsaka mai wuya, ga 'yan tawaye a bakin ƙofa, ga Saito a Mino, ga Tokugawa da ubangidansa Imagawa daga gabas. Babbar rundunata ta tafi arewa, sai ga wata runduna ta ɓullo ta yi wa ganuwata ƙawanya. A ciki ba ni da kowa sai ƙungiya uku ta ashigaru masu mashi, biyu masu baka, da 'yan tsaron gida. Ashigaru talakawa ne da aka ɗebo daga gona aka ba su makami, su ne mafi arha a wasan. Na jera 'yan baka a kan katanga, na ja masu mashi baya kaɗan na sa su yi shingen masu, kafaɗa da kafaɗa. A wannan wasa ba a buƙatar tsani, dakaru da hannu suke hawa katanga, wasu su zame su faɗo tun kafin su kai. Waɗanda suka iso sama sun iso a gajiye, ɗaya-ɗaya, suna faɗawa kan tsinin masu. Kibau suka ƙare, na sa 'yan bakan su zare takubba. Ƙungiya ɗaya ta ragu har saura mutum goma sha wani abu, tutarta tana ƙyaftawa alamar sun kusa karaya. Ana cikin haka sai shugaban maharan ya hawo da kansa, ya faɗi a cikin masu, nan take rundunarsa ta watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Da na saki linzamin kwamfuta sai na ga tafin hannuna ya jiƙe da gumi.

Irin wannan daren Nobunaga's Ambition ba zai taɓa ba ka shi ba, gara in faɗa maka tun yanzu.

Shi kuwa na kamfanin Koei ne na Japan, wanda yanzu ake kira Koei Tecmo, kuma jerin wasanni ne da aka fara tun 1983. Wanda zan fi magana a kansa shi ne Sphere of Influence, da ya fito a Japan a 2013, aka fassara shi zuwa Turanci a 2015. A nan wata-wata ake tafiya. Farkon kowane wata za ka zauna a majalisa da fadawanka: wane ne zai faɗaɗa gonaki, wane zai raya kasuwa, wane zai gyara hanya, wane zai tafi jakadanci. Ka gama rabon aiki, sai ka saki lokaci ya gudana, kwanaki suna wucewa, rundunoni suna tafiya a kan hanyoyi, kana dakatarwa duk lokacin da ka so. Ganuwoyi sun haura 300 a taswirar, manya da ƙanana, kowacce a inda take a tarihi. Mutanen da za ka iya ɗauka aiki kuwa sun haura 1,500 nesa, kowa da sunansa na gaskiya, da hoton fuskarsa, da shekarar haihuwarsa, da gwargwadon iyawarsa a jagoranci da jarumta da dabara da siyasa.

Wannan tarin mutane shi ne bambancin da ya fi kowane girma. A Shogun 2 janar-janar ɗinka 'yan kaɗan ne, 'ya'yanka da 'yan'uwanka da wanda ka ɗaga daga cikin sojoji. Kana iya ba su muƙamai, kana lura da biyayyarsu, in wani ya fara kaɗa kai ma kana iya umartarsa ya kashe kansa bisa al'adar samurai, mayaƙan Japan na da. Amma a ƙarshe abin da kake ƙauna shi ne rundunarka, wannan ƙungiyar 'yan baka da ta bi ka tun daga yaƙin farko. A Nobunaga kuwa sojoji adadi ne kawai, mutane su ne dukiya. Ganuwa ba ta motsi sai da wanda zai riƙe ta. Kana iya mallakar ƙasa mai faɗi amma ka rasa wanda za ka aika, sai ka ga aiki ya tsaya cak. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wasan zai koya maka wannan tun a shekararka ta farko.

Na taɓa cin wani ƙaramin gida a yaƙi, aka kawo mini kamammu a jere, kowanne da zaɓi uku a gabansa: in ɗauke shi aiki, in sake shi, ko in sa a kashe shi. A cikinsu akwai wani dattijo gwanin siyasa da ya ƙi ni sau biyu. Na sake shi. Bayan wani lokaci sai ga shi yana yawo ba ubangida a ƙasata, na aika masa, ya karɓa. Shi ya raya mini garuruwan baya har ya mutu da tsufa, kuma ranar da saƙon mutuwarsa ya fito na ɗan yi shiru kafin in danna gaba. Haka kuma na riƙe Matsunaga Hisahide, mutumin da tarihi ya san shi da juya wa iyayen gidansa baya, wanda ya yi wa Nobunaga tawaye ya mutu a ganuwarsa ta Shigisan a 1577. Ana ba da labarin cewa ya gwammace ya hallaka wata butar shayi mai daraja da ya miƙa wa Nobunaga ita. A wasan ma kayan shayi da takubba da dawaki kyauta ce da ake ba bafade don a sayi zuciyarsa, kamar yadda aka yi a zahiri. Kowane wata sai na duba biyayyar Hisahide kafin in duba baitulmali, domin na san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yaƙin Nobunaga fa? Akwai shi, kuma da yawa, sai dai a kan taswira ake cin mafi yawansa. Kowace ganuwa tana da nata sojojin, daga nan suke fita, can suke komawa su farfaɗo. Suna ɗauke da guzurin kusan wata huɗu, in ya ƙare a hanya runduna ta narke. Hanyoyi ƙunci ne da su, musamman a duwatsun Kai da Shinano, don haka yawan soja ba ya amfani idan duk ta hanya ɗaya suka bi. Gwaninta ita ce ka fito da runduna uku daga garuruwa uku, ka daidaita tafiyarsu su isa rana ɗaya, su dafe abokin gaba ta fuska biyu ko uku. Wanda ya saba dara zai ji daɗin wannan lissafin. Kana iya sauka fagen fama ka ja ragama da kanka, amma abin da za ka tarar mai sauƙi ne, gungu-gungu suna matsawa gaba da baya, kowane shugaba da dabara ɗaya da yake saki in lokacinta ya yi. Bayan 'yan kwanaki na daina sauka sai in yaƙin ya zama na a-mutu-ko-a-yi-rai.

A Shogun 2 kuwa kowane tudu da kowane kurmi yana da magana. Masu mashi suna karya barade, masu takobi suna karya masu mashi, barade suna tattake 'yan baka in sun same su a fili. Ruwan sama yana hana bindiga tashi. Gajiya tana aiki, tsoro yana aiki, kuma runduna ba ta wuce ƙungiya 20, saboda haka dole ka zaɓi wanda za ka tafi da shi. Gidajen ma kowanne da abin da ya fi iyawa: Takeda dawaki, Shimazu takobi, Chosokabe baka da noma, Mori jiragen ruwa, Hojo gini da fasa ganuwa, Uesugi mayaƙan haikali, Oda kuwa talakawan nan masu arha da taurin rai. Yaƙin ruwa ne kaɗai ban taɓa jin daɗinsa ba, jirage suna cakuɗewa, umarni ba ya tafiya yadda ake so, yawanci na bar wa kwamfuta ta yanke.

Tattalin arziki a Shogun 2 gajere ne amma yana da haƙori. Kuɗin wasan koku ne, wanda a asali mudun shinkafa ne, kusan lita 180, abin da ake ƙiyasta zai ciyar da mutum ɗaya shekara guda. Bayan kuɗi akwai abinci, kuma duk ganuwar da ka faɗaɗa sai ta ƙara cin abinci daga rumbun ƙasa gaba ɗaya. Sabon shiga yakan ɗaga kowace ganuwa don ya ga ta yi kyau, sai yunwa ta shigo, talakawa su yi bore ta ko'ina. Akwai wuraren ciniki a teku da ake rige-rigen kamawa da jirage. Akwai kuma babbar shawara ta Turawa: ka buɗe musu tashar ruwa ka sami bindiga da wuri da riba mai yawa, amma addinin Kirista ya fara yaɗuwa a lardin, jama'a su rabu, maƙwabta su canza maka fuska. Wannan ya faru da gaske a tsibirin Kyushu bayan zuwan Francis Xavier Kagoshima a 1549, har wasu daimiyo irin su Otomo Sorin suka karɓi addinin. A Nobunaga lissafin ya fi yawa: noma, kasuwa, yawan waɗanda za a ɗiba soja, ƙwadagon da ake da shi a wata, girbi sau ɗaya a shekara, manufofin mulki da ke cin kuɗi kowane wata, da ƙananan ƙabilun karkara da ake lallashi har su zama naka. A farkon wasa, lokacin da ganuwarka biyu ce ko uku, wannan aiki yana da daɗi ƙwarai. In sun kai 40 sai ya zama wahala, dole ka yanka ƙasar ka damƙa wa manyan hakimai su riƙa gudanarwa, su ma ba kullum suke yin yadda kake so ba.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi rabuwa a kan Shogun 2, kuma ya kamata ka san shi kafin ka biya kuɗi. Yayin da kake cin ƙasa, sunanka yana ƙara girma a idon shogun. Ranar da ya kai maƙura, ko ranar da ka kama Kiyoto, sai shogun ya shelanta ka a matsayin abokin gaban ƙasa. Masu wasan suna kiran wannan Realm Divide, wato rabuwar ƙasa. Daga nan kowane zagaye ƙiyayyar sauran gidaje gare ka tana ƙaruwa. Abokan ciniki su yanke hulɗa, kuɗin shiga ya faɗi, aminin da kuka shekara 20 tare, wanda ka ba shi 'yarka aure, shi ma ya ɗaga maka tuta. Karon farko da abin ya same ni ban shirya ba. Baitulmali ba komai, rundunonina duk suna gabas, sai ga jirage sun sauke mayaƙa a bayana inda ban bar ko mai gadi ba. Na yi fushi a ranar, na ga kamar an yi mini rashin adalci.

Daga baya na fahimci dalilin. Ciwon irin waɗannan wasanni shi ne da zarar ka fi kowa ƙarfi, sauran wasan ya zama shara kawai. Rabuwar ƙasa tana sa rabin ƙarshe ya fi na farko zafi. Wanda ya sani yakan tsaya dab da iyaka, ya tara kuɗi, ya gyara gonaki, ya toshe mashigai, sannan ya taka layin da gangan. Amma farashinsa shi ne amana ba ta da daraja a wasan, tunda ka san ƙarshenta. Duk wata yarjejeniya ta wucin gadi ce. Idan kai mai son ƙulla zumunci ne da riƙe alkawari har ƙarshe, wannan zai ci maka rai, kuma ba na ganin laifinka.

Nobunaga ya bi wata hanya. Jakadanci a cikinsa noma ne: ka tura mutum gidan wani daimiyo, wata bayan wata yana tara maka yarda, kana biya, in ta taru ka kashe ta a kan ƙawance, ko auratayya, ko gudummawar soja, ko sulhu. Haka ake yi da fadar sarkin sarakuna don samun muƙami. In ka yi ƙarfi ana iya haɗa maka taron dangi, kamar yadda aka yi wa Nobunaga kansa a shekarun 1570, amma amininka na gaskiya yakan tsaya tare da kai. Kuma ba dole sai ka ci kowace ganuwa ba: in ƙasarka ta yi faɗi kuma muƙaminka ya kai, kana iya shelanta haramcin yaƙi a faɗin ƙasa, irin abin da Hideyoshi ya yi, wasan ya ƙare a nan. Illarsa ita ce wadda Shogun 2 ya guje wa. Da ka mallaki tsakiyar ƙasar, inda jama'a da arziki suke, babu mai iya tare ka kuma, sauran sa'o'in tura runduna ne kawai. Na fara wasanni da yawa a Nobunaga, kaɗan na kai ƙarshe. A Shogun 2 kuwa kusan duk wanda na fara sai na ga bayansa, ko ni ko su.

Ta fuskar tarihi ba a haɗa su. Shogun 2 ya ɗauki zamanin ya yi masa ado. Hotonsa da kiɗansa da zanen taswirarsa har yau suna da kyau, amma ya raba dakaru gida-gida yadda ba haka aka yi ba, misali ƙungiya guda ta masu takobi zalla, alhali mashi da baka da bindiga ne suka fi aiki a fagen fama na lokacin. 'Yan leƙen asirinsa ma, ninja da metsuke da malaman haikali da ke farautar juna, an ƙara musu gishiri. Kuma mafari ɗaya ne, 1545. Daga nan tarihi ya saki hannunka. Nobunaga yana ba ka shekaru da dama ka zaɓa: haihuwar Nobunaga a 1534, Okehazama a 1560 inda ya afka wa Imagawa Yoshimoto da 'yan dubbai kaɗan ya kashe shi, shekarar Honnoji, ko jajibirin Sekigahara. In ka bi sharuɗɗan, abubuwan da suka faru suna faruwa a gabanka da hirarrakinsu: karon Takeda Shingen da Uesugi Kenshin a Kawanakajima, bindigogin Nagashino a 1575, tashin Hideyoshi daga ɗan aike zuwa mai mulkin ƙasa. Kana iya ɗaukar ƙaramin gida irin Sanada, waɗanda suka tare rundunar Tokugawa a Ueda har sau biyu, a 1585 da 1600, ka gwada rayuwa a tsakanin giwaye. Mafi yawan abin da na sani game da wannan zamani, sha'awarsa daga wannan wasan ta taso, shi ya tura ni karatu.

Sai dai karatun nan shi ma shinge ne. Babu ɗayansu da ke da Hausa, da Turanci za ka yi. Shogun 2 kana iya fahimtarsa da ido, ko Turancinka bai yi nisa ba: ga mashi, ga doki, ga tudu. Nobunaga rubutu ne a kan rubutu, allo bayan allo, ga sunaye masu kama da juna. Gidan Oda kusan kowa Nobu-wani-abu ne, gidan Shimazu 'yan'uwa huɗu ne, Yoshihisa da Yoshihiro da Toshihisa da Iehisa. Makon farko sai ka daure.

Batun na'ura kuma, wanda shi ne ya fi damun ƙanen nawa. Dukansu tsofaffi ne, ba sa buƙatar kwamfuta ta yayi. Amma Shogun 2 ya fi nauyi: saukewarsa ta haura gigabait 20, wanda ba ƙaramin data ba ne, kuma in dubban dakaru suka haɗu a fili, laftof marar katin hoto na musamman za ta yi zafi, fanka ta riƙa kuka, sai ka rage ƙyale-ƙyalen hoto da yawan mutanen kowace ƙungiya. Nobunaga ya fi sauƙi a wajen saukewa da wajen gudu, kuma akwai shi a PlayStation 4 ga wanda ba shi da kwamfuta, alhali Shogun 2 na kwamfuta ne kawai. Ga wani abu da mai zama inda wuta ba ta da tabbas zai so ya sani: ba a adana wasa a tsakiyar yaƙin Shogun 2. Babban yaƙi yana iya cin minti 30 ko fiye, in wuta ta ɗauke batir kuma ya mutu, sai ka sake daga farko. Ya faru da ni ana saura ƙiris in ci wata ganuwa da na sha wuya a kanta. Tun daga ranar nake adanawa kafin kowane yaƙi, kuma ba na shiga babba sai batir a cike. A Nobunaga wata ɗaya 'yan mintoci ne, kana iya yin shekara guda ka rufe ka tafi harkarka.

In ka zaɓi Nobunaga, akwai tambayar wanne daga ciki. Ascension na 2016 yana barin ka fara a matsayin ƙaramin bafade ka hau sama, tunani mai kyau amma aikin bai kai na uwarsa Sphere of Influence tsafta ba. Taishi, da ya zo da Turanci a 2018, ya sauƙaƙa abubuwa har ya yi mini salam. Awakening na 2023 ya raba ƙasa gunduma-gunduma, ka ba fadawanka su riƙe, su riƙa aiki da kansu suna kawo maka shawara. Ya fi kusa da yadda mulkin daimiyo yake a zahiri, sai dai ya fi tsada, kuma wani zai ji kamar an karɓe masa ragama. Ni dai Sphere of Influence nake ba mutum, da tsohuwar zuma ake magani. Shogun 2 kuma yana da ƙari biyu da ake saya daban: Rise of the Samurai, wanda ya koma yaƙin Taira da Minamoto na ƙarni na 12, da Fall of the Samurai na 2012, wanda ya tsallaka zuwa shekarun 1860, zamanin igwa da jirgin ƙasa da faɗuwar gidan Tokugawa. Na biyun wasa ne cikakke mai zaman kansa, amma ka bar shi sai ka ƙoshi da na asali. Akwai kuma damar ku yi kamfe ɗaya, wato wasan cin ƙasa daga farko zuwa ƙarshe, ku biyu da abokinka ta intanet, abin da Sphere of Influence ba shi da shi.

Wani zai ce ina Europa Universalis IV? Yana nan, na kamfanin Paradox na Suwidin, ya fito a 2013, yana farawa daga 1444 zuwa 1821. Kana iya ɗaukar daimiyo a ƙarƙashin Ashikaga, ka cinye maƙwabta, ka kama Kiyoto ka zama shogun, sannan ka fuskanci Koriya da Sin. Amma Japan a cikinsa lungu ɗaya ce a taswirar duniya, haɗa kanta aikin 'yan shekaru ne, ba ka ganin yaƙi da ido, ba ka sanin fadawanka. Abin da zai ja Bahaushe gare shi daban ne: a wannan taswirar akwai Kano da Katsina da Zazzau, kowacce ana iya riƙe ta, ga Barno da Songhai a gefe. Wannan dalili ne mai ƙarfi na sayensa wata rana, amma ba don Japan ba.

Abin da na koma na faɗa wa ƙanena shi ne ya tambayi kansa inda yake son zama, kan doki ko cikin fada. Na san shi, mutum ne mai son ya ga abu yana motsi, kuma bai taɓa yin irin wannan wasa ba, don haka na ce ya ɗauki Shogun 2. Ya fi saurin kama mutum, ya fi horar da sabon hannu, kuma yakan yi arha sosai lokacin rangwamen Steam, shagon wasanni na intanet, sai ya jira lokacin. Ni kaina Nobunaga na fi komawa a yanzu, saboda mutanensa, amma da shi na fara da wataƙila na gudu tun makon farko. Wanda ya riga ya saba da wasannin lissafi, ko yake da na'ura mai rauni, ko tarihin ne ya kawo shi, ya wuce kai tsaye zuwa Sphere of Influence, ya fara da Oda a 1560 ko Hojo a Odawara, inda akwai ƙwararrun fadawa da ƙasa mai albarka.

Shi kuma na ce kada ya fara da Oda a Shogun 2, duk da sunan yana jan hankali. Ya ɗauki Chosokabe a tsibirin Shikoku ko Shimazu a ƙarshen kudu, inda teku ke tsare masa baya, ya zaɓi gajeren kamfe mai larduna 25. Ya gina gonaki kafin ganuwa, ya riƙe rarar abinci ko da ɗaya ce, kada ya bar runduna ta yi hunturu a ƙasar abokan gaba domin sanyi yana cin sojoji. Kuma ya riƙa leƙa ma'aunin sunansa a wurin shogun. In ya ga ya kusa cika, ya tsaya, ya tara koku, ya ajiye runduna ɗaya a gida kusa da gaɓar teku.